Ɗigo Uku a Gindin Kwano

Sun shiga mota, Yaya Mamuna. Kwanukanki nake nufi, dukansu, har da babbar langar nan mai shuɗin fure da kike zuba mana koko a ciki. Da idona na ga Brimah direban goro ya ɗaure akwatin a tsakanin huhunan goro, na ja igiyar da hannuna na ji ta yi tauri. Ya ce bayan la'asar zai tashi, shi ya sa nake rubutun nan a gurguje a kan kifaffen turmi, Abukari na kan cinyata yana neman cinye mini fensir. Mma mahaifiyata na ta faɗa wai ba a kiran sunan ɗan fari, ni dai ina kira. Yaron da kika bari cikin tsumma ya kusa wata huɗu, ba haƙori ko ɗaya amma cizo paa, ba na wasa ba, kuma yana dariya da murya kamar babba.

Ni ce Fusena, matar Mutaru kafinta, mai ɗakin da ke kallon naki a gidanmu na haya a Moshi Zango, nan Kumasi. Don mai karanta miki na faɗa, ke na san tun layin farko kin gane. Malam mai karatu, aji huɗu na tsaya, ka yi haƙuri da hannuna, kuma ka karanta duka. Kar ka tsallake wurin faɗan.

Brimah ya ce ya ga mijinki Seini a tashar Gaya, ya bi shi har inda kuka sauka. Ya ce an riga an kai miki labari wai Fusena ta yi ƙaramar Sallah da kwanukanki, ta ɗora su a kai ta yi yawo da su gida gida. Ya ce ba ki ce komai ba sai, "Allah ya sa ta ji daɗinsu." Yaya, da zagina kika yi da ya fi mini sauƙi. Tun ranar maganar nan take zaune a ƙirjina. Ba zan ce an yi mini ƙarya ba, na yi yawo da su. Amma rabin labari aka kai miki, ga sauran, kuma ina so ki ji shi daga bakina.

Kin san lokacin da dokar baƙi ta fito ina Buokrom wurin Mma ina wankan jego. A rediyon maƙwabta muka ji, wai duk wanda ba shi da takardar zama an ba shi sati biyu ya bar ƙasa. Ban kawo ke a raina ba ko kaɗan. Ke da aka haifa a Kumasi, Twi ɗinki, yaren mutanen nan, ya fi nawa, ba ki taɓa taka Nijar ba ko a mafarki, wai can ce ƙasarku saboda babanki ya fito daga Gaya yana saurayi. Da aka zo aka ce kuna ɗaure kaya na ɗauki mayafi. Mma ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ta zauna, ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in ko garin na ci da wuta. Na yi kuka, na roƙe ta, na ce matar nan ita ta riƙe ni ranar da naƙuda ta kama ni, ta ce ko ita ta haife ni. Har yau ban gama huce wa Mma ba. Daga Buokrom zuwa Moshi Zango tafiyar me ce?

Saura kwana uku Sallah na dawo. Layinmu kamar an cire masa haƙora, ƙofa a buɗe, ƙofa da kwaɗo, ƙofa da kwaɗo. Ɗakinki kuwa Maame Adwoa mai gidan ta riga ta sa wani, ya rataye wandonsa a ƙusar da kike rataye faifai. Amma waɗanda suka rage, Yaya, sai ki ce an yi ruwan kaya. Wanda bai taɓa mallakar kujera ba yana da uku. Rediyo na kuka a ɗakin da ko fitila sai an ara. Har suna suka ba ta, wai Sallar arha, suna faɗa suna dariya da azumi a bakinsu.

Kafinta ya tare ni a tsakar gida yana ta murmushi, ya ce in shiga ɗaki in gani. Na shiga. Kabad ne ya haɗa mini cikin kwana arba'in ɗin nan, dogo, mai gilashi, ya sha man katako yana ƙyalli, kuma tun daga sama har ƙasa cike da kwanuka. Ke kin san jerena. Kwano biyar aka kawo ni da su don Baba ya rasu kafin bikin, biyu ma bakinsu a ɓantare, in an yi baƙi wurinki nake ara. Na tsaya da yaro a baya na fashe da kuka don murna. Ya ce kayan Sallata ne da na haihuwa a haɗe.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Sabon kwano yana zuwa da takarda manne a ciki, waɗannan babu ko ɗaya. Na gani. Na ga langar mai shuɗin fure, zuciyata ta ce wannan kamar ta Yaya Mamuna, na ce mata irinta ta cika kasuwa. Ban tambaya ba, ban juya ko ɗaya ba. Na ji tsoron in tambaya a ba ni amsar da za ta raba ni da su. Haka na kwana biyu ina goge gilashi ina kallon fuskata a ciki.

Ranar Sallah na dafa shinkafa da miyar kaza, na yi waina. Na ce tunda ban yi yawon arba'in ba, bari in haɗa, in kai abinci da kaina in nuna yaro. Na cika kwano bakwai daga cikin kabad, na jera a tire, na goya Abukari, na sa sabon ɗankwali. Ina tafe ina jin kaina, ba zan yi miki ƙarya ba.

Gidan Balki matar mai gyaran keke na fara shiga. Ta taso da guɗa, ta karɓi kwanon, sai na ga ta ɗaga shi sama da kanta ta leƙa gindinsa. Guɗar ta tsaya. Ta shafa kan yaro, ta ce Allah ya raya, ba ta ce in zauna ba. Na ce a raina ko sun yi faɗa da mijinta ne. Gida na biyu haka, na uku haka, kowa sai ta ɗaga ta leƙa. Wata ma da gefen zane ta karɓa kamar yana da zafi, alhali ya huce. Na dawo ɗaki ina cewa mutanen layin nan hassada ta kama su don na yi kaya. Kin ji wautar da na yi.

Malam mai karatu, in a wurinku ba haka ake ba, mu a nan ranar Sallah kwano ba ya komawa gida wayam. Ka aika da shinkafa, a juye, a wanke, a zubo maka tuwo ko waina ko goro biyu in babu. Kuma da yake kwano ɗari ke yawo a layi ɗaya ranar, kowace mace tana da shaidarta a gindin nata. Tawa jan farce ne, layi ɗaya. Ta Yaya Mamuna ɗigo uku kore, ragowar fentin da Seini ya shafa wa ƙofar masallaci.

Kafin azahar kwanukan suka fara dawowa. Na buɗe na farko da murna in ga me Balki ta dafa, sai na ga shinkafata, da cinyar kazata a inda na ɗora ta, mai ya daskare a kai. Na biyu haka. Shida suka dawo ba wanda ya sa cokali. Na bakwai Magajiya Hamamatu ce ta kawo da kanta, tsohuwar da ke raba mana gardama a layi, da sandarta da komai. Ta ƙi zama. Ta miƙo mini langar ta ce, "Ɗiyata, ɗaga ki duba gindinta."

Na ɗaga. Ɗigo uku kore. Na zauna a ƙasa da sabon zanena.

Magajiya ta ce ita ta raka ku tashar Krofrom ranar da kuka tafi. Ta ce direba ya kafe mutum ɗaya ƙunshi ɗaya, wanda bai yarda ba ya sauka. Kin zauna a ƙasa kin kwance kaya, kina ɗaga kwano kina ajiyewa, dillalai sun yi miki zobe, wani har da yatsan ƙafa yake nuna wanda yake so. Ta ce 'yarki Abibatu ta rungume langar nan ta ƙi saki sai da babanta ya ɓamɓare hannunta, don kayan jerenta ne, shekara da shekaru kina tara mata ɗaya bayan ɗaya daga cinikin koko. Ta ce duk matan layi suna wurin, duk sun gani. Sai ga ni ranar Sallah da su a kai ina rangwaɗa.

Na rantse mata ban sani ba. Ta dube ni ta ce, "Ba ki sani ba, ko ba ki so ki sani ba?" Ta juya ta fita.

Kafinta ya dawo daga yawon Sallah da sabuwar riga, yana tauna goro, ya ga kwanuka a ƙasa ya ce kai, bana an yi mana kara. Na ce, "Baban Abukari, a ina ka samo kwanukan nan?" Ya ce a Krofrom wurin wani dillali, lafiya? Na ce ya tambaye shi na wace ce? Ya yi dariya ya ce, "Kwano ai kwano ne, Fusena. Ana tambayar kwano sunan uwarsa?"

Na juye shinkafar a tukunya, na kifa masa langar a cinya, a kan sabuwar rigar, da mai da komai. Ya ga ɗigon. Kin san me ya ce? Wai ya gan su tun a tasha, ya ɗauka daga kamfani suke zuwa haka. Shekara uku mutumin nan yana shan kokonki a kwanonki, bai taɓa juya shi ba, don bai taɓa wanke kwano ba tunda aka haife shi. Da na gaya masa na wace ce, goron ya tsaya a bakinsa. Na ga jikinsa ya yi sanyi, wannan na ba shi. Amma namiji ne, maimakon ya yi shiru sai ya hau kare kai.

Ya ce in bai saya ba wani zai saya. Ya ce da guminsa ya biya, bai ƙwata a hannun kowa ba. Ya ce duk layin nan wa bai sayi wani abu ba, me ya sa nashi kaɗai ya zama abin magana, don ya yi wa matarsa abin kirki? Na ce matar da ta riƙe ni ina naƙuda tana kan hanya ba ta da abin shan ruwa, ni ina nan ina goge gilashi, wannan ne abin kirkin? Muryata ta kai titi. Abukari ya farka yana tsala ihu, Maame Adwoa ta leƙo ta ce yau Sallah ce ko kotu.

Amma Yaya, maganarsa ɗaya gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona ni. Balkin da ta dawo mini da shinkafa, a kan gadon ƙarfen matar Kimba mai gadi take kwana, mijinta ya saya ranar da suka tafi. Wadda ta karɓi kwanona da gefen zane, keken ɗinkin wa ke ɗakinta? Gado ba ya yawo gida gida, shi ya sa ba wanda ya ɗaga shi ya leƙa gindinsa. Ni da na fito da nawa rana tsaka na zama abin nuni, su suka zama masu tsarki. Na ji haushinsu, na ji haushinsa, na ji haushin dillalai da masu dokar gaba ɗaya, amma in na gama zagayawa kaina nake dawowa.

Washegari ya tafi wurin wani malami ya dawo yana ɗaga kafaɗa, wai an ce cinikin ya halatta, ba zunubi. Na ce, "Ni ban ce haram ba ne. Na ce kunya ne. Ka koma ka tambaye shi wannan." Bai koma ba.

Na wanke su tas, na mayar da su kabad, amma a kife, na jingina su yadda ɗigon ke kallon ƙofa ta cikin gilashi. Duk wanda ya shigo shi zai fara gani. Kafinta in ya kwanta su yake kallo, in ya tashi su yake kallo. Abinci kuwa a tsofaffin kwanukana masu ɓantararren baki nake zuba masa. Bayan sati ya ce to ya ji, bari ya mayar wa dillali a huta. Na ce ranar da kwano ɗaya ya koma hannun mutumin nan, ranar zan goya ɗana in koma Buokrom, ya zaɓa. Ya ce to me nake so a yi da su? Na ce a mayar wa mai su. Ya ce ina take? A lokacin kuwa ba wanda ya san inda kuka faɗa. Wasu su ce Dosso, wasu su ce Yamai, wata ma ta ce an ga motarku ta lalace a hanya.

Wata biyu muka yi haka. Matan layi suna gaishe ni a famfo, suna yi wa yaro wasa, amma ko ƙosai ba wanda ya aiko mini. An yi suna gidan mai nama, kwano ya shiga kowane ɗaki ya tsallake nawa. Kin san yadda wannan yake, ba sai an zage ka ba. Duk direban da ya sauko daga arewa na je na tambaye shi, har suka fara kirana matar Nijar.

Saura sati ɗaya babbar Sallah Brimah ya dawo da labarinku da kuma maganar da kika faɗa. Ya ce kuna ɗaki ɗaya ku shida a gidan wani kawun Seini, kina dafa abinci a gwangwani. A lokacin matan layi sun fitar da yayin Sallah, wata atamfa mai ganye, kowa na rububi, Kafinta kuma ya ce zai saya mini ko na sake. Na ce ya riƙe, ba zan sa kaya iri ɗaya da mutanen da ba sa cin abincina ba. Na tafi wurin Magajiya na gaya mata an gan ku, zan aika da kwanukan. Tana jan carbi ta ce, "Wayam za ki aika su?"

Shi ke nan abin da ta faɗa, amma na gane.

Washegarin layya, ranar rabon nama, na sauko da kwanukan na jera su a tire a kife, babu komai a ciki, na goya yaro na fita da tsohon zanena. Gidan Balki na fara, da gangan. Ta ga tiren ta ɗaure fuska. Na ce, "Kwanon Yaya Mamuna ne, gida zai koma, an gan ta a Gaya. In kina da abin sawa ki sa, in babu ki matsa in wuce."

Ta tsaya tana kallona kamar ba ta jin Hausa. Sai ta ɗauki ɗaya ta shiga ɗaki, ta fito da shi cike da soyayyen nama har murfi ya ƙi zama. Na juya zan tafi ta ce tsaya, ta ɗauki na biyu ta ciko da garin rogo. Tana miƙo mini tana share ido da ɗankwali, tana tambaya ko Abibatu ta rame. Na ce ban sani ba, amma na san matar Kimba a ƙasa take kwana. Ta ce, "Ke dai Fusena bakinki ba shi da murfi." Na ce kwanon ma ga shi ya ƙi rufuwa. Muka yi dariya a tsaye, amma gadon yana nan ɗakinta har yanzu, ban manta ba.

Kafin in kai gida na huɗu labari ya riga ni. Mata suka fito bakin ƙofa suna jirana, kowa na cewa a bar mata babba. Sau uku na koma ɗaki na ɗebo wasu. Naman layya ya fi yawa, an soya shi ya bushe ƙarau, zai kai ku ba abin da zai same shi. Akwai barkono, akwai daddawa, akwai busasshen kifi daga matar mai nama, wadda ta tsallake ɗakina ranar suna, ta ba ni ba ta iya haɗa ido da ni ba. Magajiya ta naɗe yayinta da ba ta kai wa tela ba ta cusa a langa ta ce na Abibatu ne, ita tsohuwa me za ta yi da ganye a jiki. Har Maame Adwoa, da ba ta Sallah kuma ta ba da ɗakinki kafin tabarmarki ta huce, ta kawo sabulun alata, wato sabulun salo, ta ce da gurguwar Hausarta, "Mamuna shi mutum kirki ne, ka gaishe shi." Na karɓa, don sabulun ba shi da laifi. Mu ɗan akuya muka yanka, cinya ɗaya taki ce, tana cikin kwano mai jan baki, ni na soya, za ki gane da yawan citta.

Sai aka zo ga yadda za a ɗaure. Brimah ya ce in a kwando ne kafin a kai Tamale duk sun ɓantare, hanyar arewa ba ta da kirki. Na dawo na faɗa a tsakar gida, ba da Kafinta nake ba, yana zaune yana wasa wuƙar aikinsa bai ɗago ba. Jiya da safe ina wanka na ji guduma. Na fito na tarar ya jawo kabad ɗin tsakar gida, ya cire gilashin ya jingina a bango, yana ɓamɓare katakan ɗaya ɗaya. Kabad ɗin da ya kwana arba'in yana yi, wanda ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai. Na ce me yake yi haka? Ya ce ba shi da wani katako mai kyau a ƙasa, kuma in matsa ina tare masa haske.

Kafin azahar ya haɗa akwati. Shi ya jera kwanukan da hannunsa, yana cusa dusar katako a tsakani, ya ɗaure kowane murfi da tsumma. Kowanne sai ya juya gefe ya leƙa gindinsa kafin ya sa. Bai ce in yi haƙuri ba, bai ce ki yi haƙuri ba, kin san maza. Da ya buga ƙusa ta ƙarshe ya ce in zan rubuta takarda in ce yana gaida Seini, kuma katakon odum ne, kar a yi wuta da shi, zai yi benci. Ban ce na huce ba. Amma na sa masa tsoka biyu a miya, kuma ya lura. Yanzu inda kabad yake sai shaidarsa a bango, kwanukana biyar suna kan kwali, ɗakin ya yi fili har Abukari na da wurin birgima. Ɗazu da safe kwano ya shigo daga gidan Balki, ita ta kawo da kanta, waina ce, da zafinta. Na ɗaga na leƙa gindinsa a gabanta don ta ji yadda ake ji.

Saura abu ɗaya. A cikin akwatin akwai huɗu da ba naki ba, dillalin ya haɗa da na wata. Shaidarsu layi biyu ne shuɗi da ɗigo a tsakiya. Na nuna a Moshi Zango, na nuna a Krofrom, na aika Buokrom, ba wadda ta san mai su. Su ma mun cika su, suna ƙasa ta gefen dama. Ki tambaya cikin mutanen Kumasi da ke nan Gaya, in ba a samu ba ki ba masu zuwa Dosso su tambaya. In an same ta a ce mata daga matan layinku ne, ba sai an faɗi sunana ba.

Ga Brimah can yana danna ham ɗin motarsa, kuma yaron nan ya jiƙa mini zane. Yaya, ban ce ki yafe mini yau ba, ki buɗe akwatin tukuna, ki ci naman, ki ba Abibatu langarta a hannunta. Amma wanda ya kawo miki wancan rabin labarin, ki aika a kira shi, a zaunar da shi, Malam ya karanta masa takardar nan tun daga farko. Sannan a ba duk wata 'yar Kumasi da ta ji wancan ta ji wannan, ita ma ta gaya wa ta gaba.